Hotunan gidanmu ba su jawo mai saye ba, mi za mu gyara kafin a sake ɗauka?

Ɗan_Bagalam
Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure. Shawara nake nema. Mahaifinmu ya rasu bara, ya bar gida a unguwar Zariya, cikin Maradi: fili mita 400, ɗaki huɗu da falo, ginin siminti, rufin kwano da filafon (silin). Mu takwas ne magada, an zauna an yarda a sayar a raba. Dillali ya zo wata rana da azahar, ya ɗauki hotuna da wayarsa cikin minti biyar, ya watsa a WhatsApp da Facebook. Yau wata uku, mutum biyu kaɗai suka zo dubawa. Yayana da ke Kwatano ya ga hotunan, ya kira ni ransa a ɓace, ya ce shi kansa bai gane gidan Baba ba. Da na sake kallo na ga gaskiyarsa: shanya a igiya, tumaki biyu a turke, jarkoki ko'ina, ɗakunan kuma duhu kamar rijiya.

Tambayata biyu ce. Mi ya kamata mu yi wa gidan kafin a sake ɗauka? Sannan akwai tabon ruwa a filafon ɗin falo inda kwano ya yi yoyo a daminar da ta wuce, kuma gindin bangon baya yana ɓarewa. In shafe su da fenti kafin hoto ko in bar su? Inna da ƙanwata suna cikin gidan har yanzu.

Hajiyar_Maradawa
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ɗana, kafin kowace magana ta fenti, tsintsiya. A share tsakar gida da asuba, a yayyafa ruwa ƙura ta kwanta, a bari ya sha iska kaɗan don kada ya fito da laka a hoto. Igiyar shanya a kwance ta gaba ɗaya, ba kayan kawai ba. Tumaki a kai maƙwabta na yini guda, a kwashe kashinsu da ragowar harawa, a zuba sabon rairayi wurin turken. Turmi, taɓarya, murhu, tukwane, butoci, takalman bakin ƙofa, duk a tara su ɗaki guda a ja ƙofa. In an gama sauran ɗakunan sai a maido kayan wani ɗakin a ɗauki wancan. Mai saye yana son ganin faɗin tsakar gida, ba yawan kayanku ba.

Mai_Hoton_Biki
Sana'ata ke nan, ko da yake na fi yin biki da suna. Babban abin da ya kashe hotunanku shi ne lokacin. Da azahar rana tana tsakiyar kai, waje ya yi fari fat, ƙarƙashin baranda ya yi baƙi ƙirin, waya ba ta iya haɗa su biyun. In ƙofar gidan gabas take kallo, a ɗauki gaban gidan da hantsi, tsakanin takwas da goma. In yamma take kallo, a jira bayan la'asar. Rana ta kasance bayan mai ɗauka, tana haska bangon. Yanzu da muke cikin hunturu rana tana karkata kudu, don haka bangon da ke kallon arewa ba ya samun ta sam, shi sai a ɗauka da sassafe kafin haske ya yi ƙarfi. Kuma a duba sama. Ranar da hazo ya rufe gari a haƙura, komai zai fito ruwan toka, gidan ya yi kamar ya shekara goma ba kowa.

Cikin ɗaki: a buɗe tagogi, a zuge labule, a kunna fitilu in akwai wutar lantarki, a kashe fanka don kada fuka-fukanta su fito a dagule. Kada a kunna fitilar wayar, tana sa bango ƙyalli. A tsaya a kusurwa ko bakin ƙofa, waya a kwance ba a tsaye ba, daidai ƙirji, kada a karkata ta sama ko ƙasa, in ba haka ba bangon zai fito kamar zai faɗi. Kuma don Allah a goge gilashin kyamarar da gefen riga. Yawancin hotunan da nake gani sun yi dishi-dishi, maiƙon yatsa ne da ƙura, ba laifin waya ba.

Ɗan_Bagalam
Na gode Hajiya, na gode maigida. Ƙofarmu yamma take kallo, ke nan sai bayan la'asar. Saura maganar tabon.

Maginin_Tibiri
A kan tabon nake son magana. Abu biyu ne daban, kada ka haɗa su. Na filafon, in kwano ne ya huje ko ƙusa ta saki, aikin yini guda ne: a hau, a canza kwanon ko a toshe, a duba katakon ko ya ruɓe ko gara ta shiga, a canza allon filafon ɗin da ya jiƙe, sannan a yi fenti. Wannan gyara ne na gaskiya, ba abin da ka ɓoye wa kowa. Amma in ka shafa fenti kawai kan tabon, da ruwan farko na watan Yuni zai dawo, wani lokaci ma tun kafin ruwa launin rawayan yake hudowa ta cikin fenti.

Na gindin bango ya fi wuya. Laima ce ke tasowa daga ƙasa, ta zo da gishiri, shi ke cin shafen yana zubar da shi kamar gari. Sai an kankare har an iske bulo, a bari ya bushe, a sake shafe da siminti mai ƙarfi. A kuma nemo inda ruwan ke fitowa. Sau da yawa ramin wanka ne ko masai na maƙwabci ya jingina da bangon, ko ruwan sama ke kwanciya a bayan gida. In ba a magance wannan ba, ko wane fenti aka sa sai ya kumbura.

Mai_Shago_Babbar_Kasuwa
Ni dai ra'ayina ya bambanta. Mutum zai sayar da gida, ba zama zai yi ciki ba, don mi zai zuba kuɗi? Kuma magada takwas, wa zai fidda kuɗin, wa zai yarda a cire masa daga rabonsa? Ka sayi bokitin fentin ruwa biyu, a shafe ko'ina ya yi haske, a ɗauki hoto. Wanda ya zo saye ai da idonsa zai zo, in ya gani ya gani. Ko rago za ka kai kasuwa sai ka wanke shi.

Almajirin_Limanci
Alhaji, wanke rago daban, rufe masa ciwo da gashi daban. Hadisin sananne ne: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da tsibin abinci, ya sa hannu ciki ya ji laima. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Ya ce masa don mi bai sa jiƙaƙƙen a sama ba mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Dubi yadda ya yi daidai da zancenmu, har laimar. Shara, wanki, kawar da tarkace, zaɓen lokacin da haske ya yi kyau, duk babu laifi, ado ne. Amma aibin da ka sani, wanda in mai saye ya sani zai rage kuɗi ko ya fasa, wajibi ne a faɗa masa. Balle kuɗin gado ne, da marayu a ciki wataƙila. Ɗan_Bagalam, ko dai ka gyara kamar yadda magini ya ce, ko ka bar shi a fili ka faɗa.

Mai_Shago_Babbar_Kasuwa
Malam, ban ce a yi ƙarya ba. In an tambaya a faɗa. Amma ba wanda ke ɗaukar hoton ɓaraka ya sa a talla.

Almajirin_Limanci
Ba sai an tambaya ba, Alhaji. Wanda ke nesa ta ina zai san abin da zai tambaya?

Baƙon_Abidjan
Bari in ba ku labarina, don ni ne irin mutumin da ake yi wa waɗannan hotunan. Shekarata goma sha ɗaya a waje, ina tara kuɗi don in mallaki gida a garinmu. Aka turo mini hotunan wani gida, fari tas, falo kamar filin ƙwallo. Na tura ƙanena, yaro ne, ya je ya zagaya ya ce Yaya gidan ya yi. Na biya. Da na zo hutu cikin watan Agusta na iske ruwa na kwana a tsakar gida, don titin ya fi gidan tudu, kuma bangon ɗaki biyu ya yi jirwaye har gwiwa. Falon kuma rabin abin da na gani ne a hoto. Ban kai ƙara ba, na bar wa Allah, amma har yau in na wuce mutumin gaisuwa kawai ke tsakaninmu.

Abin da mu na waje ke so, ba hoto mai kyau kaɗai ba. Muna son ganin titin ƙofar gida, ko mota na shiga, ko rairayi ne mai kama taya. Muna son mitar wuta da ta ruwa, makewayi, magudanar ruwa, rufin daga sama in da hali. Kuma bidiyo guda ba yankewa, daga titi a shiga ƙofa a zagaya ko'ina a fito. Wanda ya nuna mini ɓaraka da kansa, shi na fi yarda da shi a sauran abin da ya faɗa.

Mai_Hoton_Biki
Falon da ya zama filin ƙwallo, na san yadda aka yi shi. Wayoyin yanzu suna da wurin da aka rubuta 0.5, in ka latsa sai ta haɗiye ɗakin duka, amma tana miƙe gefe-gefe, ƙaramin ɗaki ya koma zaure. Ni ina amfani da shi a makewayi da kicin kawai, inda ba wurin ja da baya. Sauran a bar shi kan 1. Mafi sauƙi ma, a sa ma'auni a rubuta ƙarƙashin hoton: falo mita kaza da kaza. Ba gardama.

Dillalin_Burja
Na ga ana ta dukan dillali, to ga ɗaya ya zo. Gaskiya ne wasunmu suna ɗaukar hoto da gaggawa. Amma ku tambayi kanku, in mun zo gida da iyali ciki, minti nawa ake ba mu? Ka yi sallama, a ce jira mata su shiga ɗaki, ka shiga kanka a sunkuye, tsohuwa na kallonka kamar kai ne ka zo raba ta da gidanta. Wa zai ce mata Inna kawar da tukunyarki? Masu gida ne ya kamata su shirya, su sa mana rana.

Kuma in faɗa maka abin da ba ka tambaya ba, ɗan'uwa. Wata uku mutum biyu, ba lallai hoto ne kaɗai ba. Ko kuɗin da kuka sa ya yi sama, ko mutane sun ji gidan gado ne suna tsoron rigima. Gidan magada takwas, abin da mai saye ke fara tambayata shi ne: duk sun yarda? Wa zai sa hannu?

Ma'aikacin_Meri_Mai_Ritaya
Dillali ya taɓo inda ke ciwo. Kafin tsintsiya ma, takardu. Wace takarda gidan ke da ita, akt da sesiyon ce, wato takardar da ke nuna an mallaka wa mutum fili, ko an kai ga titir fonsiye, wato cikakkiyar takardar mallaka? Da sunan marigayi take? In haka ne, ku nemi takardar shaidar magada da ta zaman iyali daga kotu, wadda ta nuna wanda aka wakilta ya sayar. Yayanka na Kwatano ya aiko da wakilci a rubuce. Cinikin kuma a ƙulla shi gaban notar, jami'in da ke tabbatar da takardun ciniki a hukumance. A cikin talla ku rubuta irin takardar da ke akwai, wannan layi guda ya fi hoto goma jawo mai kuɗi da gaske. Amma kada ku kuskura ku ɗauki hoton takardar ku watsa. Akwai masu kwafe lambar fili da sunan mai shi su je su damfari wani da ita. Wanda ya zo da gaske a nuna masa a hannu.

Ɗan_Bagalam
Baba, takardun suna nan, akt da sesiyon ce da sunan marigayi, kuma mun yi zaman iyali an wakilta ni da Yaya. Ban san yana da amfani a rubuta a talla ba. Maganar dillali kuma ta sosa mini rai, don haka aka yi. Ranar da ya zo Inna ba ta ce uffan ba, da ya tafi ta shiga ɗaki ba ta fito ba sai magariba.

Ɗiyar_Gobir
Yayana, wanga shi ne abin da nike jira wani ya hwaɗa. Ku maza kuna zancen haske da fenti, tsohuwa kuwa gidan mijinta za a sa a kasuwa duniya ta gani. Kada ka zo mata da mai hoto kwatsam. Ka zauna da ita, ka gaya mata ranar, ka tambaye ta mi take so kada a ɗauka. In da hali ranar ta tahi wuni gidan ƴar'uwarta, ku yi aikinku, ku maida komi inda yake kahin ta dawo. Lokacin da aka saida namu, uwarmu abin da ya hi ƙona mata rai shi ne ganin gadonta da jeren kwanoninta a wayar wata maƙwabciya. Ɗakin Inna a bar shi. A ɗauki ɗaya daga cikin sauran a ce girmansu guda, wanda ya zo da gaske a nemi izini ya leƙa.

Hajiyar_Maradawa
Allah ya yi miki albarka ɗiyata. A ƙara da hotunan bango: na marigayi, na aure, na yara, duk a sauke. Madubi ma a kula da shi, sau nawa muka ga mace ta fito a madubin sif ba ta sani ba, ba ko mayafi. Yara kuma a hana su bin mai hoto. Alƙur'ani da allunan karatu a ɗauke a adana wuri mai tsarki, kada a haɗa su da tarkacen da za a tura ɗaki guda.

Mai_Gyaran_Waya_227
Ta fannin tsaro: telebijin, batiran sola, babur, injin ɗinki, lambar mota, kada ko ɗaya ya fito. Hoton da ka sa a guruf ba ka san hannun da zai faɗa ba, kuma mata biyu ne kaɗai ke kwana gidan. A rubuta sunan unguwa kawai, kada a sa kwatance har ƙofa.

Wani abu kuma, WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kyau, in aka yi ta turawa daga waya zuwa waya a ɗauko daga allo sai ya dagule. Wajen turawa a latsa HD. Wasu suna turawa a matsayin fayil don ya je yadda yake, hakan na da kyau tsakaninka da dillali ko Yayanka, amma ka sani fayil yana iya tafiya da bayanin wurin da aka ɗauki hoton in wayar na ajiye shi. A kashe wannan a saitin kyamara tukuna.

Mushen_Lakwal
Ni ɗan haya ne, an turo ni aiki Maradi shekara huɗu da suka wuce, ta hoto na zaɓi gidan da nake ciki. Abin da ya ja ni itacen bedi (dogon yaro) ne a tsakar gida, da inuwarsa ta rufe rabin baranda. Duk wanda ya san zafin Afrilu a garin nan ya san darajar wannan. In kuna da itace, ku share ganyen ƙasa, ku sare reshen da ya bushe, ku ɗauke shi da kyau da tabarma guda a ƙarƙashi. Na ga masu sare itace wai don gida ya fito fili a hoto, abin yana ba ni takaici.

Maginin_Tibiri
Mushe, inuwa gaskiya ce, amma in bedin ya matsi bango ko ramin masai, saiwarsa na fasa su. A duba tazarar. Mai saye da ya san gini zai duba.

Ɗan_Bagalam
Akwai bedi guda da Baba ya dasa da hannunsa, yana tsakiya, nesa da bango. A hotunan dillali gindinsa kaɗai ya fito, da tumaki ɗaure a jiki.

Dillalin_Burja
To wannan shi za ka sa na biyu, bayan hoton ƙofar gida. Kada ku zuba hoto arba'in, mutane ba sa buɗewa, kuɗin intanet suke ji. Goma zuwa goma sha biyu sun isa, a jere yadda mutum zai shiga: titi, ƙofa, tsakar gida, baranda, falo, ɗakuna, kicin, makewayi. Ƙofar ƙarfen waje a wanke ta, in ta yi tsatsa a goge a shafa mata fenti, a cire takardun talla da rubutun gawayi na yara a bango, a kwashe ledojin da iska ta tara a gindin katanga. Jika biyu ko uku ka ba samarin unguwa sun gama maka. Amma kan tabon, ni ina tare da Alhaji rabi. A gyara filafon, wannan dole. Gindin bangon kuwa ban ga dalilin sa shi cikin hotunan talla ba. Wanda ya kira, a gaya masa, a kai shi ya gani.

Baƙon_Abidjan
Wanda zai iya zuwa ke nan. Ni da ke nesa fa? In ba za a sa a talla ba, a ɗauke shi a ajiye, duk wanda ya kira daga waje a tura masa tun kafin a fara zancen kuɗi.

Almajirin_Limanci
Wannan ya yi, matuƙar ya sani kafin a ƙulla ciniki, kuma ba a shafe wurin don ya ɓace masa ba.

Mai_Shago_Babbar_Kasuwa
Har yanzu ba wanda ya amsa mini wa zai biya gyaran. Magini ya ce a kankare a sake shafe a nemo ruwan. In ramin maƙwabci ne, sai a shiga wata rigimar. Ni da a rage kuɗin gidan kaɗan a bar wa mai saye ya yi da kansa.

Ɗan_Bagalam
Na karanta duka, Allah ya saka da alheri. Na yi magana da Yaya daren jiya, ya ce zai aiko da kuɗin kwano da filafon, a rubuta a cire masa in an sayar, sauran magada sun yarda. Inna ta ce ranar Asabar za ta je wuni Tibiri wurin ƙanwarta, ta kuma ce kada a taɓa ɗakinta, ba za a taɓa ba. Gindin bangon ne ba mu daidaita ba, Yaya na son a gyara, ƙannena biyu na cewa a bari a rage kuɗi. Na leƙa bayan gidan da safe, akwai ramin wankan maƙwabta kusa da wurin, amma ban tabbata shi ne ba. Maginin_Tibiri, in na turo maka hoton wurin za ka iya ganewa, ko sai ka zo?

Maginin_Tibiri
Sai na zo. Laima ba a gane ta a hoto, sai an sa hannu an ƙwanƙwasa. Ka bar wurin yadda yake, kada kowa ya kankare ko ya shafa komai kafin in gani. Jibi bayan azahar ina da aiki kusa da jami'a, in na tashi zan biyo.